Ɗaurin Aure a Ɗariƙar Katolika: Tsakanin Coci da Ofishin Hukuma

Daga cikin al'amuran da kan ɗaure wa Musulmin Nijeriya kai game da maƙwabtansu Kirista, musamman mabiya ɗariƙar Katolika, akwai wannan: za ka ga mutum da matarsa sun shekara goma ko fiye a ɗaki ɗaya, an biya dukiyar aure tun tuni, iyaye sun sa albarka, Allah Ya azurta su da 'ya'ya, wataƙila ma suna riƙe da takardar shaida mai hatimin hukuma, sa'an nan wata rana sai ga katin gayyata ya iso, wai wane da wance za su ɗaura aure a coci ranar Asabar. Mai hankali ba zai rasa tambaya ba. Zaman da suka yi duk shekarun nan mene ne sunansa? Kuma wace illa ce ke jikin takardar gwamnati, wadda alƙali ke karɓa, banki ke karɓa, ofishin jakadanci ke karɓa, har ta kasa isar fada, wato limamin coci? Amsar tana da tsawo, domin ta ratsa tarihin Turai na shekara 800 da ɗoriya, ta kuma shafi dokokin da muke zaune ƙarƙashinsu a yau. Amma ya cancanci a bi ta a tsanake, saboda jahiltar addinin maƙwabci ba ta taɓa ƙara wa gari zaman lafiya ba, kuma su kansu samarin Katolika da yawa suna shiga wannan sha'ani ba tare da sun auna nauyin abin da suka ɗauka ba.

Asalin maganar shi ne yadda Ikilisiyar Katolika ta fahimci aure. A wurinta aure alkawari ne na rayuwa baki ɗaya tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya, domin alherin junansu da samun zuriya da tarbiyyarta. Idan kuwa su biyun an yi musu baftisma, to, wannan alkawari ya shiga cikin ibadu 7 masu tsarki da suke kira sakramenti, sahu ɗaya da baftisma da jibi, wato gurasa mai tsarki da ake karɓa a wurin sujada. Sifofi biyu ba sa rabuwa da shi: babu kishiya, babu saki. Suna kafa hujja da sura ta 10 ta Linjilar Markus da sura ta 19 ta Linjilar Matta, inda aka ruwaito cewa Almasihu ya yi hani ga saki, ya mai da hukuncin aure ga asalin halittar namiji da mace. Ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanta fiƙihun Malikiyya ya san cewa aure ba ya ƙulluwa sai da waliyyi da sadaki da siga, kuma ba a tarewa sai da shaidu biyu adalai. To, a fiƙihun Katolika waliyyi ba rukuni ba ne, sadaki ma ba rukuni ba ne, ginshiƙin abin duka shi ne yardar ango da amarya, wadda za su furta da bakinsu, kuma babu wani mai iko a doron ƙasa, uba ne ko sarki ko Fafaroma, da zai iya yarda a madadinsu. Har ma malamansu na ɓangaren Roma suna cewa fada ba shi ne mai ɗaura auren ba; ma'auratan ne ke ɗaura wa junansu, shi kuwa mai karɓar furucinsu ne da sunan Ikilisiya, mai sa musu albarka.

A nan ne mai karatu zai ce, in dai yarda ce ke ƙulla aure, kuma fada shaida ne kawai, me zai hana a furta yardar gaban ma'aikacin gwamnati? Wannan tambaya tana da ƙarfi, kuma gaskiyar magana ita ce Ikilisiya ta yi fiye da shekara 1,500 ba ta shardanta halartar fada domin ingancin aure ba. A ƙarni na 12 malaman dokar addini na birnin Bolonya da malaman tauhidi na birnin Paris suka yi saɓani, waɗancan suna cewa aure ba ya cika sai an sadu, waɗannan suna cewa furucin yarda ya wadatar. Sai Fafaroma Alekzanda na 3, wanda ya yi mulki daga 1159 zuwa 1181, ya raba gardama da cewa yarda ce ke ƙulla aure, saduwa kuma ita ce ke sa ya zama ba ya warwaruwa. Hukuncin ya yi kyau a takarda, kuma ya kare 'ya'ya daga tilascin iyaye, amma ya buɗe wata ƙofar fitina da ta wahalar da alƙalan coci har ƙarni huɗu. Saurayi zai keɓe da budurwa a gona ko bayan gari, ya ce ya ɗauke ta mata, ta ce ta ɗauke shi miji, ba waliyyi, ba shaida, kuma auren ya inganta a hukuncin addini ko da yake sun yi laifi. Bayan ta yi ciki sai ya musanta, ya je ya nemi 'yar mai dukiya, a ɗaura masa aure da ita a bainar jama'a. In ta farkon ta kai ƙara, ba ta da hujja sai rantsuwarta, alƙali kuwa da zahiri yake hukunci, sai ya tabbatar da aure na biyu, wanda a haƙiƙanin koyarwarsu zina ne, ya kori matar gaskiya da ɗanta a hannu.

Majalisar malamai ta Lateran ta huɗu, wadda Fafaroma Inosan na 3 ya tara a 1215, ta nemi magance wannan ta hanyar wajabta shelar aure a coci kafin a ɗaura, domin duk wanda ya san wani cikas ya fito ya faɗa. Sai dai ta haramta auren ɓoye ne kurum, ba ta ce ɓatacce ne ba, mutane kuwa suka ci gaba da abinsu. Sai a majalisar Tirento, a arewacin Italiya, a zamanta na watan Nuwamba 1563, aka yanke hukuncin da ya wanzu har yau, a wata doka da ake kira Tametsi: duk wanda ya yi yunƙurin aure ba gaban fadan yankinsa da shaidu biyu ko uku ba, aurensa bai ƙullu ba sam. An daɗe ana muhawara kafin a kai ga wannan, domin wasu bishop-bishop suna ganin Ikilisiya ba ta da ikon ɓata abin da ta riga ta ce yarda ce ke ƙulla shi. Wakilan Sarkin Faransa kuma suka matsa a ƙara da sharaɗin izinin iyaye, saboda manyan gidaje na tsoron 'ya'yansu su kwashe gado su kai gidan talakawa, amma majalisar ta ƙi. A ganina wannan tarihi shi ne mabuɗin fahimtar mas'alar duka: ba don a ƙawata biki aka sa dokar ɗaura aure gaban fada ba, an sa ta ne don kare mace daga mayaudari da kare yaro daga rashin uba, maƙasudin da shari'ar Musulunci ta tsare tun farko ta hanyar shaidu da bayyana aure.

Dokar Tirento ba ta game duniya nan take ba, domin an shardanta sai an karanta ta a kowane yanki kafin ta hau kan mutanensa, ƙasashen da suka riga suka fita daga biyayyar Roma kuwa, kamar Ingila, ba a karanta ta a cikinsu ba. Fafaroma Piyus na 10 ne ya daidaita al'amarin da dokar Ne Temere ta 1907, wadda ta fara aiki a 1908. Aka shigar da ita kundin dokokin Ikilisiya na 1917, sa'an nan kundin 1983 da Fafaroma John Paul na 2 ya zartar, wanda ake aiki da shi yanzu, ya tabbatar da ita a doka ta 1108.

Shi kuwa auren hukuma, wanda mutanenmu ke kira auren kotu, ya zo ne daga wata mahanga dabam. Martin Luther ya riga ya ce aure sha'anin duniya ne da ya kamata sarakuna su tsara, bai lissafa shi cikin sakramenti ba. Da juyin juya halin Faransa ya zo, sai dokar watan Satumba 1792 ta ƙwace rajistar haihuwa da aure da mutuwa daga hannun limaman coci ta damƙa wa magajin gari, ta kuma halatta saki. Har gobe a Faransa auren da aka ɗaura a ofishin magajin gari shi kaɗai doka ta sani, kuma malamin addinin da ya mai da ɗaura aure kafin na hukuma al'adarsa yana fuskantar hukunci. Jamus ta bi sahu a 1875 zamanin Bismak, lokacin da yake takun saƙa da Katolika. Italiya ta ɗauki wata hanya a yarjejeniyarta da fadar Fafaroma ta 1929, inda auren coci ke zama na hukuma da zarar an shigar da shi rajista. Ingila kuma tun 1837 ta bar wa mutum zaɓi, ko coci ko ofishin rajista, kuma wannan tsari na Ingila shi muka gada.

Labarin Napoliyon ya isa misali kan yadda ikon nan biyu ke cin karo. Ya auri Josefin a ofishin hukuma a 1796, ba tare da ya bi ta coci ba. Da ya gayyato Fafaroma Piyus na 7 zuwa Paris domin bikin naɗinsa a watan Disamba 1804, sai Josefin, wadda ke tsoron a sake ta saboda ba ta haifa masa magaji ba, ta sanar da Fafaroma cewa ba a taɓa ɗaura musu aure a addini ba. Fafaroma ya ce ba zai shafe su da mai ba sai an gyara, dole a jajibirin naɗin Kadinal Fesh, ɗan'uwan mahaifiyar Napoliyon, ya ɗaura musu aure a keɓe cikin fadar Napoliyon. Bayan shekara 5, da ya ƙudura auren 'yar Sarkin Ostiriya, kotun coci ta Paris ta bayyana a farkon 1810 cewa wancan ɗaurin bai inganta ba, daga cikin hujjojinta har da rashin fadan yanki da rashin shaidu. Dokar da aka kafa don kare mata ita aka juya aka fitar da mace da ita, kuma ba wannan ne karo na farko ko na ƙarshe da mai mulki ya sami malaman da za su buɗe masa ƙofar da aka rufe wa talaka ba. Amma adalci ne a tuna cewa a wani karon Roma ta tsaya kai da fata: Fafaroma Kilemen na 7 ya ƙi warware auren Sarki Henri na 8 da Katarina ta Aragon, har abin ya kai ga ɓallewar cocin Ingila a 1534.

To, ga hukuncin a yau. Ɗan Katolika, ko da shi kaɗai ne Katolika cikin ma'auratan, idan ya tsaya ga ofishin rajista bai je gaban bishop ko fada ko dikin, wato mataimakin fada, da aka wakilta tare da shaidu biyu ba, Ikilisiya ba ta ɗauke shi mai aure ba. Ba a kore shi daga addini ba, yana zuwa sujada, ana yi wa 'ya'yansa baftisma in akwai kyakkyawan zaton za a tarbiyyantar da su a kan addinin, amma bisa ƙa'ida ba ya karɓar jibi har sai ya gyara zamansa, wanda kuwa ya san matsayin jibi a zuciyar Bakatolike ya san wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan sharaɗi 'yan Katolika kaɗai ya hau. Idan 'yan Angilika biyu ko 'yan ECWA biyu suka ɗaura aure a cocinsu, kai ko a ofishin rajista ma, Roma tana ganin auren nan ingantacce, har sakramenti ne in an yi musu baftisma. Haka auren Musulmi da aka ɗaura a ƙofar gida ko masallaci, da auren Maguzawa bisa al'adarsu, duk tana lissafa su aure na gaskiya. Ita dai 'ya'yanta ta ɗaure da wannan igiya. Kuma ta bar sassauci saboda larura: in ana tsoron mutuwa kuma ba a iya samun fada, ko an tabbatar za a yi wata guda ba a same shi ba, doka ta 1116 ta yarda a ɗaura gaban shaidu kaɗai, bishop kuma yana iya ba da rangwame ga wanda zai auri wanda ba Katolika ba a ɗaura a wani wuri, in akwai dalili mai ƙarfi.

Kafin a kai ga ranar ɗaurin akwai bincike, kuma a nan ne auren coci ya fi na ofis tsanani nesa ba kusa ba. Ma'aurata sukan sanar da fada watanni kafin lokaci, su halarci darussan shirin aure, a gana da kowannensu shi kaɗai a tambaye shi ko da son ransa ya zo, ko ya taɓa aure, ko yana nufin zama har mutuwa, ko yana karɓar haihuwa. Ana yin shela a coci, a al'ada Lahadi 3 a jere, a garin da suke zaune da kuma garuruwansu na asali. Sa'an nan akwai wata dabara mai sauƙi wadda ta fi 'yan sanda tasiri: duk inda Bakatolike ya yi aure a duniya, ana aika labari cocin da aka yi masa baftisma a rubuta a gefen sunansa cikin littafi, don haka in aka buƙaci sabuwar takardar baftismarsa, aurensa na farko zai fito a jikinta, ko da a Shandam aka haife shi ya je ya yi auren a Legas. Abubuwan da ke hana aure an jera su daga doka ta 1083 zuwa ta 1094: ƙarancin shekaru, wato ƙasa da 16 ga namiji da 14 ga mace, tare da ba bishop-bishop na kowace ƙasa ikon ɗaga wannan, rashin iya saduwa na dindindin, saɓanin rashin haihuwa wanda ba ya hanawa, igiyar wani aure, naɗin limanci, alwashin zaman tuzuranci na har abada a ƙungiyar ibada, sace mace, kashe miji ko mata don a sami damar aure, da kusancin jini ko surukuta ko riƙo na doka. Auren zumunci da muka saba da shi, ɗan wa da 'yar ƙane, a wurinsu ba ya inganta sai da rangwamen bishop.

Wurare biyu ne dokokin nan suka fi gogar rayuwar mutanenmu, kuma a kansu nake so a dakata. Na farko auren Bakatolike da Musulmi. A hukuncinsu auren wanda ba a yi masa baftisma ba ɓatacce ne sai bishop ya ba da rangwame, kuma ba ya bayarwa sai ɓangaren Katolika ya yi alkawarin tsare imaninsa da yin iyakar ƙoƙarinsa a yi wa 'ya'ya baftisma a tashe su Katolika. Tun gyaran da Fafaroma Paul na 6 ya yi a 1970 ba a neman ɗaya ɓangaren ya yi alkawari, ana dai sanar da shi. A namu fiƙihun kuwa, an halatta wa Musulmi auren kitabiyya, ba a halatta wa Musulma auren wanda ba Musulmi ba, kuma ɗa yana bin addinin ubansa. Ke nan idan Musulmi ya auri 'yar Katolika, kowannensu yana ɗauke da wajibi a kan yaro guda, kuma wajiban nan biyu ba sa haɗuwa. Gudu zuwa ofishin rajista ba ya warware wannan, jinkirta shi kawai yake yi zuwa ranar suna. Wanda bai iya zama ya yi wannan magana da wadda yake so tun kafin a kai gaisuwa ba, bai shirya auren ba.

Na biyu shi ne mai mata da yawa da ya karɓi addinin. Tun da limaman mishan suka kafa sansani a Lakwaja a 1884 da Shandam a 1907 suke fama da wannan mas'ala. Doka ta 1148 ta ce in ya yi masa wuya ya zauna da uwargida, yana iya riƙe ɗaya daga cikin matan ya sallami sauran, tare da wajabcin kula da bukatunsu bisa adalci da tausayi. Na san hujjar da aka gina wannan a kanta, kuma ba ta saɓa wa asalin koyarwarsu ba. Amma ba zan ɓoye ba, zuciyata tana ga matar da ta shiga gidan nan bisa al'adar iyayenta, ba ta yi laifin komai ba, ta haihu ta yi reno, sa'an nan a wayi gari a ce ba matar aure ba ce. Shi ya sa dattawa da yawa suka zaɓi su zauna shekaru suna zuwa sujada ba a yi musu baftisma ba, don kada su tozarta iyayen 'ya'yansu.

Batun saki kuwa, aure tsakanin masu baftisma biyu, in ya inganta kuma an sadu, babu mai warware shi sai mutuwa. Haka doka ta 1141 ta faɗa. Ana iya raba zama in akwai cutarwa ko cin amana, ana iya zuwa kotun gwamnati don tsare haƙƙin 'ya'ya da dukiya, amma ba a sake aure. Abin da ya rage shi ne a kai ƙara kotun dayosis, wato yankin bishop, a nemi ta bincika ko auren ya ƙullu tun asali: ko an tilasta wa yarinya, ko an yaudare ta a kan wani babban al'amari, ko ango ya furta alkawari alhali ya ƙudura zai ƙara mata ko ba zai yarda a haihu ba, ko hankalin ɗayansu bai kai ga ɗaukar nauyin aure ba. Kotun tana da wani jami'i wanda aikinsa shi ne kare igiyar auren, kuma ana ɗaukar aure ingantacce har sai an tabbatar da akasi; 'ya'yan da aka haifa kuma halattattu ne ko da an bayyana ɓacinsa, muddin ɗaya daga cikin iyayen ya shiga da kyakkyawar niyya. A 2015 Fafaroma Francis ya sauƙaƙa hanyar, ya soke wajabcin sai kotu biyu sun yi hukunci iri ɗaya, ya ba bishop ikon yanke shari'ar da hujjarta ta fito fili, ya kuma yi kira a rage wa talaka kuɗin shari'a. Duk da haka, wanda ya zaɓi coci ya sani ya shiga ɗaki ne da ba a yi masa ƙofar baya ba, kuma ina ganin wannan sani shi ne mafi girman abin da darussan shirin aure ya kamata su dasa a zuciyar matasa, fiye da tsarin tafiya da jerin ƙawaye.

Me ya sa, to, ake jinkiri har shekara goma? Wani lokaci tsoron wannan dawwama ne, wani lokaci dangin miji ne ke so su ga haihuwa tukuna, abin da Ikilisiya ba ta yarda da shi ba. Amma galibi kuɗi ne. Saurayin Bajju ko Birom ko Tibi ko Ibo yana fuskantar biki har uku: na gargajiya, wanda in babu shi dangi ba su san an yi aure ba, kuma a wurare da yawa fada kansa yakan so a kammala shi tukuna, na hukuma, sa'an nan na coci, wanda al'ada ta lulluɓe da farar riga da kwat da zobe da kek da hayar zaure da ciyar da ɗaruruwan mutane. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a kundin dokoki. Abin da doka ta nema mutum biyar ne, ango da amarya da fada da shaidu biyu, kuma ana iya gamawa da safiyar Talata kafin a tafi aiki. Cutar da ke cin su ita ce mai cin mu, mu da sadakinmu ke inganta da rubu'in dinari amma lefe da kayan ɗaki da dina suka hana 'ya'yanmu aure. Don haka ne wasu coci-coci kan shirya ɗaurin aure na taro, a haɗa gidaje da yawa a rana ɗaya. Wanda ya riga ya yi na gargajiya ko na kotu, in ya zo, sabuwar yarda ake nema ya furta, domin a hukuncinsu ranar nan auren ya fara. In kuwa ɗaya ɓangaren ya ƙi zuwa alhali yardarsu ta farko tana nan, bishop yana da ikon inganta auren daga tushe ba tare da an sake furuci ba.

Sai dai kada a fahimci cewa zaɓen coci yana nufin watsi da hukuma, domin ita Ikilisiyar da kanta, a doka ta 1059, ta bar wa gwamnati abin da ya shafi haƙƙoƙin duniya na aure, kuma doka ta 1071 ta hana fada, in ba da larura ko izinin bishop ba, ya ɗaura auren da dokar ƙasa ba za ta amince da shi ba. A Nijeriya aure iri uku doka ta sani: na Musulunci, na gargajiya, da na Dokar Aure da muka gada daga Turawa, wadda aka shimfiɗa wa ƙasar duka a 1914. Babu wani nau'i na huɗu mai suna auren coci. Ɗaurin da aka yi a coci yana zama na doka ne idan an ba magatakardan aure sanarwa, an lika ta kwana 21, ya ba da takardar izini, sa'an nan aka ɗaura cikin wata 3 a majami'ar da gwamnati ta ba lasisi, ƙofa a buɗe, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, gaban shaidu biyu. In an cika wannan, tsayuwa ɗaya ta wadatar wa addini da hukuma, auren ya zama na mace ɗaya a idon doka, ƙara wata a kansa laifi ne mai hukuncin ɗauri, kuma Babbar Kotu kaɗai ke iya raba shi, bisa dokar 1970, wadda ta shardanta a tabbatar zaman ya lalace ba gyara. A nan ma hanyoyin suna rabuwa: alƙali zai iya raba su, kowa ya sake aure a ofis, alhali a littafin coci har yanzu miji da mata ne.

In kuwa ba a bi ta wurin magatakarda ba, abin da aka yi a coci, komai yawan jama'a da tsawon wa'azi, a gaban alƙali albarka ce aka sa wa auren gargajiya, hukuncin gargajiya kuma shi zai bi shi. Ranar da wannan bambanci ke fitowa ita ce ranar da miji ya rasu bai bar wasiyya ba, 'yan'uwansa suka zo da al'adar garinsu wadda wataƙila ba ta ba mace gado, ko wata mata ta bayyana da 'ya'ya ta ce ita ma an biya dukiyarta. A ranar nan hoton farar riga ba ya amfanar gwauruwa da komai, takardar doka ake tambaya, domin ita ce ke iya sauya yadda za a raba abin da aka bari. Saboda haka iyayen amarya, kafin su tsaya kan launin anko, su tambayi fada abu biyu, ko cocin nan yana da lasisin ɗaura aure, kuma ko takardar magatakarda ta iso hannunsa. Bayan an ɗaura, a tabbata an cika takardar shaida kofi biyu, ma'aurata da shaidu da fada sun sa hannu, an miƙa ɗaya ga ma'auratan, ɗayar kuma doka ta ba fada kwana 7 ya aika da ita ofishin magatakarda.